Hajiyarmu ta fara kemo, ta ina zan kama gidan?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina zaune a Rigasa da maigidana da yaranmu huɗu. An gano sankarar mama a jikin mahaifiyarmu, an yi mata aiki, yanzu ta fara karɓar kemo, wato ƙarin maganin daji ta jijiya, a asibitin Shika da ke Zariya duk bayan mako uku. Ta dawo wurina da zama saboda ni ce babba a mata. Tun ƙarin farko gidan ya rikice. Ba ta cin abinci, 'yan dubiya ba sa yankewa, kowa da maganin da yake kawowa, yayyena maza kuma sun ce kada a gaya mata sunan ciwon. Ni kaina na gaji. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina aiki da masu ciwon daji da iyalansu. Abin da ya shafi sunan magani da yawansa na likitanta ne. Nawa shi ne abin da ke faruwa bayan an dawo gida, kuma a can ne mafi yawan jinyar take.

Ki fara da kalanda. Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki rubuta ranar da aka yi mata ƙarin a matsayin rana ta 1, ki jera har zuwa 21. Abin da kike gani kamar rikici yana da tsari, kuma kusan haka zai riƙa maimaita kansa a kowane zagaye. Kemo yana kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa. Na daji suna cikinsu, amma haka ma na ɓargo da ke samar da jini, da na fatar cikin baki da hanji, da na tushen gashin kai. Shi ya sa ake ba da mako ukun nan, don jiki ya farfaɗo kafin a sake. Kwana uku zuwa biyar na farko na tashin zuciya ne da kasala. Daga wajen rana ta 7 zuwa ta 14 fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙi da ƙwayoyin cuta, suna sauka ƙasa sosai. A mako na uku kuma za ki ga Hajiya ta dawo kanta, tana neman abinci, tana tambayar wa ya bar tsakar gida ba shara. Idan kin san wannan, kin san ranar da za ki kwana kusa da ita, da ranar da za a rage 'yan dubiya, da ranar da za ki iya zuwa unguwa hankalinki kwance.

Makon tsakiyar nan shi ne ya fi ba mu tsoro, kuma shi ne iyalai suka fi sakaci da shi, domin amai ya tsaya, an ɗauka an tsallake. Ki mallaki ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada, kowane kyamis na sayar da shi. Idan ya nuna digiri 38 ko sama, ko ta kama rawar sanyi ko da jikin bai yi zafi ba, asibiti za a tafi a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Mu a nan Kaduna duk zazzaɓi sunansa maleriya, sai a aiki yaro kyamis a haɗo magani, a ce a ga yadda za ta kwana. Ga mai lafiya wannan kuskure ne kawai. Ga mai karɓar kemo yana iya zama ajali, saboda ƙwayar cutar da jikinki zai murƙushe ba ki ma sani ba, ita tana iya shiga jininta ta kayar da ita cikin 'yan awanni. Kada a ba ta farasitamol kafin a auna, don yana ɓoye zazzaɓin. Kuma ba sai an kama hanyar Zariya da tsakar dare ba. Tun yanzu ku yanke shawarar inda za ku nufa a cikin gari, ko Barau Dikko, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Asibitin 44, ku kuma san mai mota ko mai Keke Napep ɗin da zai amsa waya da dare. Da kun isa, kalmar farko da za ta fito daga bakinki ita ce: "Tana karɓar kemo, ƙarin ƙarshe ranar kaza, tana da zazzaɓi." Ki miƙa littafin. Wannan maganar ce za ta sa a ɗebi jininta a fara ba ta maganin ƙwayoyin cuta ba tare da ta bi dogon layi ba. A gwada maleriyar ma, amma kada a tsaya a kanta.

Banda zazzaɓi, abubuwan da ba a jiran wayewar gari a kansu su ne aman da ya hana ruwa zama a cikinta yini guda, da gudawa mai yawa, da jini daga hanci ko dasashi ko bayan gida, da numfashi sama-sama, da rikicewar tunani, da ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Amma idan a cikin magungunanta akwai jan nan da ake turawa ta jijiya, fitsarinta zai yi ja kwana ɗaya ko biyu. Launin maganin ne, ba jini ba. Magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac kuwa a kawar da su daga ɗakinta sai in likita ne ya rubuta, domin suna ƙara haɗarin zubar jini.

Sai abinci, wanda na san shi ne ya fi cin ranki. A wurinmu ciyar da uwa shi ne nuna ƙauna, don haka idan ta ture kwano sai ki ji kamar ke ta ture. Ba haka ba ne. Maganin yana sauya ɗanɗanon baki, nama ya koma kamar ƙarfe a harshe, ƙamshin da ta saba so ya zama shi ke tayar mata da zuciya. Suyar albasa, daddawa a miya, hayaƙin itace, har turaren wuta da humra, duk na ga sun sa mara lafiya amai daga cikin ɗaki. A kwanakin farko ki matsar da girki nesa da tagarta, ki ɗaga wa turare ƙafa. Kada ki kawo mata malmalar tuwo guda ki tsaya a kanta. Ki zuba ludayi biyu na kunun gyaɗa a ƙaramin kofi, ki ajiye kusa da ita, ki fita. Bayan awa biyu ki kawo dafaffen ƙwai ko yankan alale. Sau shida kaɗan-kaɗan ya fi sau uku da faɗa. Abincin da ya huce ya fi shiga, don ƙamshinsa ya ragu. Abin da jikinta ke nema shi ne mai gina jiki: ƙwai, wake, kifi, farfesun kaza mara yaji, madara, awarar da aka yi a gida, faten doya ko na tsaki da alayyafo. Ruwa kuma kurɓi-kurɓi duk yini, tafasasshe ko na gora da kika yarda da shi. Maganin aman da aka rubuta mata a sha shi a kan lokacinsa tun zuciyar ba ta tashi ba, kada a jira sai ta fara. Wasu daga cikinsu suna sa taurin bayan gida, saboda haka in ta kwana uku ba ta zaga ba, ki faɗa.

A makon da garkuwarta ke ƙasa, abin da aka saya a titi ya dakata: tsire, balangu, nonon talla da ba a tafasa ba, kwaɗon latas da kabeji, kankanar da aka yanka aka ɗaura a leda, zoɓo da kunun zaƙin ƙulli. 'Ya'yan itace ki wanke ki ɓare da kanki. Ɗumame a tabbatar ya yi zafi har tsakiya. In bakinta ya yi gyambo, ta riƙa kuskurewa da ruwan ɗumi kofi guda da rabin ƙaramin cokali na gishiri bayan kowane ci, a sauya mata asuwaki da buroshi mai laushi, a bar yaji da tsami.

'Yan dubiya ba abokan gaba ba ne. Dubiya sunna ce, kuma Hajiya tana jin daɗin ganin mutanenta. Amma ɗaki cike da mata goma, da goyo masu majina, a rana ta 9, haɗari ne. Kada ke ki zama mai korar mutane, don gobe za a ce 'yar ta hana a ga uwarta. Ki samu ƙanwar Hajiya ko wata gwaggo da ake jin nauyinta, ki yi mata bayanin kalandar, ita ta sanar da dangi cewa likita ya ce dubiya sai makon kaza, kuma a taƙaita. Mai mura ko tari ya gaishe ta ta waya. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, kowa ya wanke hannu. Suna, biki, da zaman gaisuwa, in ya zama dole ta leƙa, a mako na uku ne. Lokacin hunturu kuma, da ƙura da mura suka cika gari, ta sa takunkumi in za ta fita.

Yaranki ki gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: kaka ba ta da lafiya, tana shan magani mai ƙarfi, zai sa ta gaji, gashinta zai zube, kuma ba a ɗaukar ciwon. Wannan na ƙarshen ki maimaita shi ga manya ma. Daji ba ya yaɗuwa ta kwano, ko tabarma, ko runguma. Na ga gidajen da aka ware wa mara lafiya kwanonta da cokalinta, kuma wannan wariyar ta fi maganin karya mata zuciya. Abin da ake kiyayewa shi ne kada su su shafa mata tasu cutar: su wanke hannu in sun dawo daga makaranta da Islamiyya, wanda ya kamu da ƙyanda ko ƙarambau a raba shi da ita gaba ɗaya, a kuma sanar da likitanta. Kwana biyun farko bayan ƙari, ragowar maganin na fita ta fitsari da bayan gida da amai, saboda haka a kora bandaki da ruwa sosai, mai wanke fo ko zanen da ya ɓaci ya sa safar hannu, a wanke su daban. Mai ciki ko mai shayarwa kada a ba ta wannan aikin.

Gashin kai yakan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan ƙarin farko, wato kina dab da gani in bai riga ya fara ba. Da safe za a ga shi a kan matashin kai, ko ya biyo ɗankwali. Mutane sukan ce ai tsohuwa ce, kuma kanta a rufe yake. Duk da haka mace ce, kuma na ga dattijai da suka jure aiki ba hawaye, ranar da kitso ya taho a hannunsu suka fashe da kuka. Ki gaya mata tun kafin ya faru, ki tsefe mata kitson a rage tsawon gashin, ki tanadi hula mai laushi ta auduga. Yana sake fitowa bayan an gama maganin.

Maganar magungunan da ake kawowa kuwa, a nan ba na sassautawa. Addu'a, tofi, karatun Alƙur'ani, sadaka, babu likitan da zai hana, kuma suna ƙarfafa zuciyar mara lafiya. Amma duk abin da za a haɗiya ko a shafa a wurin aikin, jiƙo ne, gari ne, ko ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet da sunan ƙarin lafiya, sai likitanta ya gani. Hanta da ƙoda ne ke tace kemo. In aka ɗora musu saiwar da ba a san ƙarfinta ba, gwajin jini yana iya lalacewa a ɗage ƙarin, wani lokaci ƙodar ce ke tafiya. Za ki kuma ji ana cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Abin da ya haifi wannan magana shi ne yawancin mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ci jiki, sai a yi aiki mutum ya rasu, a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Wanda ya kawo magani ki karɓa ki gode, ki sa a kabad, ki ce za a nuna wa likita. Ba ki ɓata wa kowa ba, ba ki kuma cutar da ita ba.

Yayyenki da ke son a ɓoye mata, tausayi ne ya sa su. Amma ra'ayina ya saɓa da nasu. Hajiya an cire mata mama, tana zama a ɗakin ƙari tare da mata masu irin ciwonta, suna hira. Ta sani, ko tana zargi. Abin da ɓoyewar ke haifarwa shi ne ku kuna yi mata murmushin ƙarfin hali, ita ma tana yi muku, kowa na kuka a ɓoye shi kaɗai. Kuma wanda bai san abin da ke damunsa ba shi ne ke cewa a ƙari na uku, "Ni na gaji da wannan ruwan da ke ƙara min ciwo, ku mai da ni gida." Ba ina nufin a dira mata magana ba. A mako na uku, lokacin da take jin ƙarfi, ki zauna kusa da ita ku biyu ki ce: "Hajiya, likitoci sun yi mana bayanin ciwon nan. Kina so in gaya miki duka, ko kin fi so mu mu riƙe?" In ta ce ku riƙe, zaɓinta ne, a girmama. In ta ce a faɗa, a faɗa, zai fi kyau a gaban likitanta don ya amsa tambayoyinta. Jikinta ne. Tana da bashin da take son biya, da wasiyya, da wanda take son yafewa, ko da kuwa Allah Ya nufe ta da shekaru masu yawa a gaba, kuma mata da dama suna warkewa daga sankarar mama su ci gaba da rayuwarsu.

Kuɗi ne ke tsayar da magani fiye da komai. Ku tambayi likita zagaye nawa za a yi gaba ɗaya, yawanci shida ne ko takwas, da abin da zai biyo baya, ko gasa wurin ciwon da na'ura ne, ko ƙwayar da ake sha shekara 5 zuwa 10 irin tamoxifen. Ku lissafa kuɗin zagaye ɗaya har da gwaje-gwaje, maganin amai, mota da abinci, ku ninka. Gara kowa ya ga jimillar yau ya girgiza, da a kai rabi a tsaya. A naɗa mutum ɗaya ma'aji, ba ke ba, kuɗin zagaye na gaba ya shiga hannunsa mako guda kafin ranar. Ku je ofishin walwalar marasa lafiya a Shika ku tambayi asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2021 don sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wato na Shikan, yana cikin shida na farko da aka fara da su. In ɗayanku yana da inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, a bincika abin da za ta iya ɗauka. Ku kuma san mutum biyu ko uku a dangi da za su iya ba da jini in an buƙata.

Tafiyar kanta aiki ce. Daga Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, Shika kuma sai an wuce Samaru. Ana gwajin jini kafin kowane ƙari, in ƙwayoyin ba su hau ba a ɗage. Ki tambaya ko za su karɓi gwajin da aka yi a Kaduna kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ki tura musu sakamakon, don kada ku yi sammako zuwa tashar Kawo a dawo da ku. Rakiyar nan ta maza ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: wannan yaya ya ɗauki kaiwa da dawowa, wancan sayen magani, wata ƙanwa ta zo ta kwana daren farko da na biyu, matar yaya ta aiko da girki ranar ƙari. A rubuta a zauren WhatsApp na gida da suna da rana. "In kina buƙatar wani abu ki faɗa" ba taimako ba ne, sai an ce wane, ranar kaza, abu kaza. Maigidanki ma ki nuna masa kalandar, ya san makon da zai yi haƙuri da makon da gida zai dawo daidai.

Wajen ibada addini ya sauƙaƙa mata. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. In ruwa zai cutar da ita akwai taimama. Azumi kuma aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba mara lafiya damar ramawa a wasu kwanaki, kuma mai karɓar kemo a zafin Maris da Afrilu tana buƙatar ruwa a jikinta. Dattijai suna jin nauyin ajiye azumi, saboda haka in ya zo, malamin da take girmamawa ne zai gaya mata, ba ke ba.

Kada kuma ki karɓe mata komai don tausayi. A ranakun da take da ƙarfi ta tsinke zogale, ta yi wa jikoki tilawa, ta ɗan taka zuwa ƙofar gida da yamma, a nemi shawararta a kan maganar gida kamar da. Motsi kaɗan yana rage kasalar kemo fiye da kwanciya yini guda. Hannun ɓangaren da aka yi aikin ta riƙa motsa shi yadda aka koya mata, kada ta ɗauki abu mai nauyi da shi, in ya fara kumbura a nuna.

Kin ce kin gaji, kuma tun zagaye na farko ne. Watanni ne a gabanki. Gajiya, da jin haushi wani lokaci, da kuka a bandaki, ba rashin biyayya ba ne, kusan duk mai jinya na yi. Ki ware yini guda a kowane mako na uku da wata za ta karɓe ki, ki yi barci, ki je kitso. In kika ga barci ya ƙaurace miki makonni, ko abinci ya fita ranki, ki gaya mana a asibiti, muna duba masu jinya ma. Kuma tunda mahaifiyarki ce, ke da 'yan'uwanki mata ku riƙa duba mamanku duk wata bayan al'ada. Mafi yawan sankarar mama ba gado ba ce, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ke bin jini, amma 'yar mai ciwon tana da ƙarin haɗari a kan sauran mata. Ranar da za ki raka ta ganin likita, ki gaya masa shekarunki da shekarun da Hajiya ke da su lokacin da aka gano nata, ki tambaye shi yaushe ya kamata a fara yi miki hoton mama.